Rahila, Ayaba Ba Ta Jiran Mai Ita

Bekaji, Jimeta.

Zuwa ga ƴata Rahila,

Ina gaishe ki da gaisuwar uwa, cikin sunan Ubangiji wanda ya raya mini ke har kika kai yau. Ina roƙonsa ya shige gabanki a hanyar Garwa, ya tsare ki a bakin iyaka, ya zauna kusa da ke a jirgin ƙasa har ki sauka lafiya a wannan gari na bakin teku da bakina ya kasa iya kiran sunansa. Babanki yana gaishe ki. Ya ce in ba shi takardar nan ya gyara mini rubutu, na ce a'a, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin littattafan ƴaƴan mutane da jan biro, nawa kam ya bar mini shi yadda yake.

Za ki tarar da ita a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zanen da na ba ki. Ba labarin gida ne a ciki ba, gidan da kika bari da safe ba abin da ya canza a cikinsa. Magana ce da na kasa faɗa miki baki da baki, don ke in na soma sai ki yi dariya ki ce Mama ta hau mumbari.

Tun ranar da kamfanin ayabar nan na kudancin Kamaru ya kira ki aiki kin ga na yi sanyi. Kin ɗauka nisan ne ya dame ni. Nisa yana ciki, amma ba shi ne babba ba. Abin da kika faɗa mana muna cin tuwo shi ya tsaya mini a rai. Kika ce, "Mama, can ba irin kasuwar Jimeta ba ce. Ɗanya shar ake sare ta, a wanke, a jera a kwali, a sa a kwantena mai sanyi. Jirgin ruwa ya yi makonni da ita a teku tana barci. In ta isa Turai sai a shigar da ita wani ɗaki a tashe ta, ta nuna daidai ranar da suke so. Manyan kantunansu su ke yanka farashi, kuma so suke ta fi kowane ɗan itace araha, don ita ke jawo musu mutane cikin kanti."

Na ce, "To manomin fa?"

Kika ce, "Shi ne na ƙarshe a layi. Abin da ya rage bayan kanti da jirgi da kamfani sun ɗiba, shi ne nasa."

Sai na tambaye ki ke mene ne aikinki a cikin wannan dogon layi, kika ce za ki tsaya a rumfar da ƙananan manoma ke kawo kaya, ke za ki ce wannan ta shiga kwali, wannan a mayar. A nan ne tuwon ya fita raina. Ban taɓa ganin teku ba, Rahila, amma na taɓa tsayawa a wurin da za ki tsaya, kuma ban tsaya da kyau ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta miki.

Kina goye a bayana na fara sana'ar nan, da faranti a bakin tasha. Wadda ta koya mini ita ce Adda Dudu, kin san ta, Bafulatanar cikin Yola da ke kiranki ƴar Ganye. Ta girme ni, ta riga ni shiga kasuwa da nisa. Da muka ɗan tara abin hannu sai muka haɗa jari, muka ɗauki akori-kura zuwa ƙauyukan Toungo, muka yi sarin mota guda, rabi nata rabi nawa. Lokacin bazara ne, kin kuwa san zafin Yola in ya tashi, ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Mun iso da sassafe, ƴan dako ba su gama saukewa ba sai ga wani ɗan kasuwa daga arewa, ya zagaya kayan, ya taya gaba ɗaya. Tayinsa da riba a ciki, ba mai yawa ba. Adda Dudu ta ce ta sallama nata. Ni na ce albarka. Na ji ana cewa ayaba ta yi ƙaranci a gari, na ga kamar in na riƙe zuwa gobe zan ninka.

Adda ta ja ni gefe ta ce, "Maryamu, sallama masa. Dubi kan nonon ayabar can, ya fara ɗaukar rawaya."

Na ce, "Adda, ke dai kin cika tsoro."

Mutumin bai yi jayayya da ni ba. Ya loda na Adda, ya koma gindin bishiya wajen mai shayi ya zauna kamar wanda ba shi da wurin zuwa. Washegari da rana rabin kayana ya nuna lokaci guda, masu faranti suka ɗebi abin da za su iya, saura yana nan yana laushi. Ni da kaina na taka na same shi. Ya taya abin da bai kai rabin na jiya ba. Na ce masa bai ji tsoron Allah ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Uwargida, ni kuɗina ba ya nuna. Naki kayan ne ke nuna." Na yi fushi na ƙi. Abin da ya biyo baya ƙudaje ne da awakin kasuwa, kuma sai da na biya mai shara ya kwashe.

Wannan magana ta mutumin ki riƙe ta. Duk cinikin da kika shiga, kafin ki buɗe baki ki duba tukuna, kayan wane ne ke nuna, nawa ko nasa? Wanda zai iya jira shi ke da farashi. Kamfanin da za ki yi wa aiki ba wayo ya fi manoma ba, sanyi yake da shi, su kuma ba su da shi. Kantunan Turai kuma sun fi kamfanin ƙarfi don in bai sayar musu ba wani jirgin yana tafe daga wata ƙasa. Ke ma kanki kada ki bari ki zama kayan da ke nuna a hannun kowa. Takardun makarantarki da fasfonki su zauna a wurinki, kada ki ba wani ajiya ko da shugabanki ne. Kuɗin motar dawowa gida ki ware shi tun albashin farko, ki manta da shi. Mace da ta san tana iya tashi ta tafi, muryarta daban ce in ana magana.

To, ni na koyi darasin, amma na koye shi a karkace. Maimakon in ce Allah ya kiyaye ni da yi wa wani abin da aka yi mini, sai na ce ashe haka ake yi. Na juya shi kan waɗanda suka fi ni rauni.

A ƙauyen da muke sari akwai wani dattijo, Baba Sanda. Gonarsa tana bin gefen rafi, ayabarsa gajera ce mai zaƙi, kuma shi ke tara mini kayan maƙwabtansa. Sai in aika masa cewa su sare ranar Talata ina tafe. Ranar Talata kuwa ina Ganye gidan ƙanwata ina cin doya, da gangan. Sai sun kwana sun wuni da kaya a ƙasa, an lulluɓe da ganye a gindin mangwaro, sannan motata ta shigo. Babu wata mota da ke shiga wannan hanya sai tawa. Zan sauko ina ɗaure fuska, in bi nono ɗaya-ɗaya ina juyawa. Wannan tana da tabo. Wannan ta yi gajarta. Wannan tsuntsu ya taɓa. In tara waɗanda na ƙi a gefe, in yanka wa sauran farashin da na ga dama. In za mu tashi sai in ce, to waɗannan na gefe me za ku yi da su, ku zuba mini gyara. Su zuba. In na iso Jimeta, da mai tabon da marar tabon kuɗi ɗaya nake sayarwa, don wanda zai ɓare ya ci ba ruwansa da ɓawo.

Wata rana Baba Sanda ya tsaya yana kallon ana loda gyaran nan. Ya ce da ni, da Hausarsa ta mutanen can da ba ta raba mace da namiji, "Maman Rahila, ayaba ɗin nan shekara guda yana gona ina bi shi. Kai kwana biyu kawai ka riƙe shi. Yaya naka ya fi nawa?"

Na ce, "Baba, mota fa? Masu tare hanya fa? Asarar da nake yi in ta ruɓe fa?"

Duk abin da na lissafa gaskiya ne, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Mota tana ci, shingayen hanya suna ci, ruɓa tana ci. Amma ni na san abin da ke saura a ɗaurin zanena, na kuma san bai kamata ya kai haka ba. Baba Sanda ya juya ya taya yaran mota ɗaure igiya.

Da ribar waɗannan shekaru na yi wa gidanmu rufin kwano. Ina jin kaina ƴar kasuwa ta gaske. Sai wata shekara na aika wa Baba Sanda, ban ji amsa ba, na ce ko saƙon ne bai isa ba, na ɗauki mota na tafi. Da muka gangara rafin sai na ga wurin ya yi fili. Inda ayaba take da duhu, masara ce da gyaɗa. Ba shi kaɗai ba, har maƙwabtan. Na same shi yana gyaran rumbu. Ya gaishe ni da kyau, ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce, "Baba, ina ayaba?"

Ya ce, "Na cire. Masara yana jira a rumbu har in ga farashi. Ayaba ba ya jira, kai ma ka sani."

Haka na biya direba kuɗin mota ta je wayam ta dawo wayam. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kai ni ƙara. Sun dai daina shukawa ne kawai.

Rahila, ba zan ce miki kada ki mayar da kayan kowa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma in kika cusa ruɓaɓɓiya a kwali don tausayi za ta lalata na wasu a cikin teku, asarar ta dawo kan manoman duka. Ki yi aikinki. Amma ma'aunin da za ki auna da shi, ki faɗa wa manomi tun wuƙa ba ta hau ba, ki nuna masa da hannu, tsawo kaza, kauri kaza, irin wannan tabon ba ya wucewa. In wuƙa ta riga ta sauka kada ma'auni ya canza, ko da an bugo waya daga ofis an ce kaya sun yi yawa a rage. Ni na san wannan dabara, in kasuwa ta cika sai idon mai saye ya ƙara kaifi, tabon da bai gani ba jiya yau ya gan shi. In an ce ki yi haka, ki ce a faɗa wa manoma gaskiya cewa kasuwa ce ta cika, kada a ɗora wa ayabarsu laifi. Ranar da kika ce za ki zo, ki zo. Abin da kika ƙi kuma nasa ne, ya ɗauki abinsa ya kai kasuwar gari, kada ki bari wani ma'aikaci ya kwashe a bayan rumfa da sunan shara. Kuma ki san sunayensu. Mutumin da kika san sunansa da na matarsa, da wuya hannunki ya yi saurin ture kayansa.

Da ƙauyen ya rufe mini sai na shiga sari nan da can, wurin masu kawowa daga Taraba, riba kaɗan wahala da yawa. Ana haka wani mutum ya neme ni. Shi ke kai kayan marmari manyan otal-otal da kantunan zamani na gari, kowa Manaja yake ce masa. Ya ce ya gaji da gajerun ayabarmu masu tabo, baƙinsa doguwa suke so, sumul, kowace kamar an auna ta da ƴar'uwarta. Ya ce in zan noma masa irin wannan a nan kusa, duk abin da na sare zai ɗauke, ba sai na ƙara zama a rana ba. Shi ya kawo mini ƴaƴan irin daga kudu.

Shekarar ce babanki ya ajiye aikin koyarwa aka biya shi kuɗin sallama. Niyyarsa ya gina ɗakuna biyu na haya a bayan gida. Ni na hana shi barci da magana har ya yarda. Muka kama fili a fadama bayan Yolde Kohi, muka sayi injin ban ruwa, muka dasa irin Manaja daga wannan gefe har wancan, ba ko gindi ɗaya na wani iri. In kin tuna kin je kin gani kina hutun makaranta, kika ce kamar sojoji a fareti.

Da gonar ta fara bayarwa sai na daina kula masu faranti. Matan da suka yi shekaru suna ɗaukar kaya a hannuna, masu zama bakin asibiti da tasha da ƙofar makarantu, na ce musu kayana duk an riga an saye. Wata safiya Adda Dudu ta hau keken haya tun daga Yola ta same ni a gona ana loda wa Manaja. Ƙafarta ta fara ciwo lokacin, ba ta iya zuwa sari da nisa. Ta ce, "Maryamu, ko na faranti ɗaya ki rage mini."

Na ce, "Adda, an ƙirga su. Manaja ba ya son a taɓa."

Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Usoko," wato na gode da Fulatanci, ta juya ta koma wurin mai keken da ke jiranta. Ko ruwa ban ba ta ba.

Da farko Manaja ya cika alkawari. Daga baya ya fara zaftare farashi kaɗan-kaɗan. Yau ya ce mai ya yi tsada, gobe ya ce otal ba baƙi. Kowane karo in yi ƙorafi in sallama, don ba ni da wani mai saye, na kore su da hannuna. Ashe na mayar da kaina Baba Sanda ban sani ba, ni ce mai kaya a ƙasa ina jiran mota ɗaya. Ranan gona ta cika, mun riga mun sare, ya bugo waya. Ya ce, "Madam, no vex, na market, kada ki yi fushi, halin kasuwa ne. Na samu masu kawo mini daga kudu a tirela, ya fi naki sauƙi." Na ce alkawarinmu fa? Ya ce ai ba a rubuce yake ba. Na kwashi kayan na kai kasuwa, matan da na kora kowace ta riga ta sami inda take ɗauka. Suka gaishe ni da mutunci, suka wuce.

Ina cikin neman sabon mai saye sai na ga ganyen wani gindi a ƙarshen gona ya yi rawaya ya karye. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ashe cuta ce, ruwan da nake korawa shi ke ɗaukar ta yana kai wa na gaba, da takalmanmu, da addar da muke sara da ita. In ka tsaga jikin itacen sai ka ga cikinsa ya yi baƙi-baƙi yana wari. Da yake duk ƴaƴan uwa ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya ba wanda ya iya tsaya masa. Layi-layi ta bi su. Malamin gona da ya zo ya ce cutar a ƙasa take zama, kada in sake dasa ayaba a filin nan sai bayan shekaru masu yawa.

Kin gaya mini duk ayabar da jirage ke ɗauka a duniya kusan iri ɗaya ce, kuma manyan gonakin suna cikin fargabar wata cuta, har sai mutum ya taka ruwan magani kafin ya shiga. Da kika faɗa kin yi dariya, kika ce kamar masu shiga ɗakin tiyata. Kada ki ƙara yi wa abin nan dariya. Ko kina sauri, ko ba mai kallonki, ki taka ruwan, ki wanke takalmi tsakanin gona da gona. In kin ga ganye ya yi rawaya ba lokacinsa ba, ki faɗa ranar, ko da za a ce sabuwar ma'aikaciya ta cika kaɗifiri. Manomin da kika ga ya bar gindin wani tsohon iri a bayan ɗakinsa, kada ki ce ya cire don ba ya shiga kwali. Kuma duk ranar da wani babba ya ce miki ki bar kowa ki riƙe shi kaɗai zai ɗauke miki komai, a aiki ne ko a ciniki ko a zaman duniya, ki tuna da wayar Manaja. Ƙananan masu saye ba sa sa mutum ya yi arziki da wuri, amma ba sa tashi su bar ka rana ɗaya.

Kin san abin da ya biyo baya, don a jikinki ya ƙare. Shekarar da kika zauna a gida ƙawayenki suka koma jami'a suka bar ki, mun ce miki abubuwa ne suka yi wuya. Abubuwa ba su yi wuya da kansu ba, ni na jawo. Ranar da muka je da babanki ganin gonar bayan ta gama mutuwa, na shirya jin duk abin da zai faɗa, don guminsa na shekaru ne kwance a wurin yana ruɓewa. Ya daɗe tsaye hannunsa a baya. Sannan ya ce, "Maryamu, gobe da ƙarfe nawa kasuwa ke buɗewa?" Shi kansa satin nan ya je ya nemi koyarwa a wata makarantar kuɗi, da furfurarsa. In za ki yi aure wata rana, ki duba mutumin da zai iya yin irin wannan tambaya.

Kasuwa ta buɗe, amma ba ni da abin kaiwa. Na hau keke na tafi Yola gidan Adda Dudu. Tafiyar nan ta fi mini zuwa Toungo nisa. Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafar da ke ciwo tana yanka ayaba kashi-kashi. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka dama fura da nono. Na fara ba da haƙuri, na yi ta magana, ita tana ta yankanta. Da na yi shiru ta ce, "Kin gama?" Na ce na gama. Ta nuna da wuƙa ta ce, "Ɗauki farantin can. Bakin asibiti ba kowa yau, ƙafata ta hana ni." Haka na koma talla da faranti a ka, ina da ƴa a jami'a. Wasu sun yi dariya. Ban mutu ba.

Da muka ɗan farfaɗo na ce wa Adda zan koma wurin Baba Sanda. Ta ce in dai da tsohon halina zan je, in bar dattijo ya huta. Na je ba da mota ba, a bayan babur, hannu wofi. Na same shi ya ƙara tsufa. Na ce masa na zo ne mu yi sabon ciniki. Farashi za mu yanka tun kaya suna bisa itace. Ranar da na ce a sare, ranar zan zo, in na makara asarar tawa ce. Ba zancen tabo, ba zancen gyara. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Bakin ɗan kasuwa yana da zaƙi kafin a sare. Zan gani." Bai cire masararsa ba. Gefen rafi kawai ya mayar wa ayaba, ya haɗa gajerar nan tasa da wata ja da kuma agade, ya ce in ɗaya ya faɗi ɗaya zai tsaya.

Sarin farko da muka yi a sabon tsari, kamar da gangan, motarmu ta lalace a Jada. Bakanike ya ce sai an kawo ƙarfen daga Yola. Kafin mu isa ƙauyen kaya sun kwana biyu a ƙasa, da yawa sun nuna, wasu ba za su kai Jimeta ba. Mutanen suna zaune a gindin mangwaron nan na dā, kowa ya san abin da aka saba. Ni ma zuciyata ta raya mini cewa ai wannan karon ba da gangan ba ne, in na nemi ragi ba wanda zai ga laifina. Kuɗin kuma ba nawa ni kaɗai ba ne, da na Adda a ciki. Na kwance ɗaurin na biya yadda muka yanka, har na waɗanda suka fashe. Baba Sanda ya karɓa, ya juya ya yi wa mutanensa magana da yarensu. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga da damina ta zagayo, maƙwabta biyu sun dasa. A wannan tafiya mun faɗi, Adda ta yi kwana biyu tana mita, sannan ta ce da na dawo mata da riba a kan wannan kaya da ta raba jari da ni.

Yanzu kin ga yadda muke. Mu mata ne da dama muke haɗa mota, Musulmi da Kirista, kowace da masu farantinta. Muna saro wadda ta ƙosa da wadda ba ta gama ba don kada su nuna rana ɗaya, muna ajiyewa a ɗakin ciyawa muna jiƙa buhuna. Ba mu yi arziki ba, amma ba wanda ke zama gindin bishiya yana shan shayi yana jiran mu durƙusa. Abin da ya rage mana shi ne zafin garin nan, har yanzu yana cin rabonsa a kowace mota.

Don haka ki buɗe ido a can. Ki koyi yadda suke wankewa, yadda suke jerawa ba ta ƙuje, yadda suke riƙe sanyi, da abin da ƙaramin mutum zai iya kwaikwaya ba sai da jirgi ba. Ban ce dole ki dawo ki zauna a Jimeta ba, rayuwarki taki ce, inda Allah ya ajiye ki nan ne gida. Amma abin da kika gano ki bugo ki gaya mini dalla-dalla, zan gane. Shekaruna sun ja, gwiwata ta fara irin ta Adda, amma ban gama da ayaba ba. Na yi niyyar kafin in ajiye sana'ar nan sai matan kasuwarmu sun sami ɗakin sanyi nasu na kansu, ko da ɗan ƙarami ne mai aiki da hasken rana, kuma sai na ga ranar da manomin Toungo zai ce albarka ya koma gida da kayansa ba tare da tsoro ba.

Ki nemi majami'a tun makon farko, ko da ba kya jin rabin abin da ake faɗa. Ki ci abinci kafin ki fita aiki. Kada ki tsaya a bayan mota ana lodi, direba ba ya ganin na baya. Ruwan can an ce ba ya ɗaukewa, ki sayi takalmin roba mai kyau, kada ki yi rowa a kan ƙafarki.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya ba ki shugabanni masu jin magana, ya sa manoman da za su tsaya a gabanki su koma gida suna sa miki albarka, ko a ranar da kika mayar musu da kaya. Ya kiyaye ki daga ciwo da mugun abokin tafiya, ya riƙe hannunki in aka matsa miki ki yi abin da ba daidai ba. In kin tsallaka iyaka ki bugo wa babanki, tun jiya yake yi kamar bai damu ba.

Mahaifiyarki,
Maryamu.